Babur Ya Ƙi Tashi Bayan Doguwar Ajiya: Tambayoyi Da Amsoshi Daga Gareji A Jega

Sau biyu a shekara ake cika mana gareji da baburan da aka turo da hannu. Na farko goshin damina, lokacin da 'yan ci-rani ke dawowa daga Legas da Ibadan don shuka. Na biyu bayan kaka, idan an sayar da shinkafa, kuɗi ya shigo hannu, aka tuna da tsohon Jincheng da ke jingine a zaure. Tun daga 29 ga Mayun 2023 kuma, ranar da aka sanar da cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta haura dubu, sai ga kashi na uku: waɗanda suka ajiye babur saboda mai ya fi ƙarfin aljihu, yanzu kuma suna son tayar da shi. Tambayoyin nan su nake amsawa kullum, kuma a kan irin baburanmu nake magana, masu kafireto (na'urar da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji) da kik: Boxer, Jincheng, Honda CG125 da 'yan uwansa na ƙasar Sin, da roba-roba.

Lafiya lau na ajiye shi. Me zai hana shi tashi?

Inji na buƙatar abu huɗu a lokaci guda: mai, wuta, iska, da matsi a cikin silinda. In ɗaya ya ɓace, ba tashi. Amma ka riƙe wannan: baburin da ya shigo gida da kansa, aka kashe shi da makulli, injinsa bai cinye a tsaye ba. Abin da zama ke ɓatawa shi ne fetur, batir, roba, da duk ƙarfen da laima ta samu. Don haka ka bi su daga mai arha zuwa mai tsada, kuma ka fara da mai, domin a yawancin waɗanda ake kawo mana can matsalar take.

Me zan duba kafin in buga kik na farko?

Baƙin mai tukuna. Ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, zaro ma'aunin, goge, mayar, sake zarowa. In ya yi ƙasa, ƙara. In ya haura alama kuma ya tsinke kamar ruwa, shinshina. Warin fetur na nufin an bar famfon mai a buɗe, fetur ya yi ta ɗiga ta kafireto har ya gangara cikin inji. Wannan man ba zai kare ƙarfe ba, a zubar a sa sabo. Boxer da CG kusan lita ɗaya suke sha. In Jincheng ne irin mai hayaƙi, wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, duba ƙaramin tankin wannan baƙin man, wato 2T, kada ka tayar da shi alhali ya ƙafe.

Sai ka cire kujera da murafen gefe ka nemi ɓarnar ɓera. Kashinsa, ɓawon gyaɗa, guntayen soso, waya da aka gaigaye har jan ƙarfe ya fito. Akwatin matatar iska shi ne ɗakin da ya fi so.

Daga nan ka durƙusa ka leƙa bakin salansa da tocila. Bara wani dattijo daga wani ƙauye a yankin Aliero ya kawo mini Boxer a bayan akori-kura. Da shi yake ɗaukar albasa, ya ajiye shi wata biyar saboda jinya. Ya ce, "Malam, wanga mashin ya ƙiya. An ce sai an buɗe inji, ga shi ba ni da halin haka." Na buga kik, sai na ji injin ya yi kamar zai kama ya shaƙe, babu ko numfashi a bayan salansa. Na ce, "Baba, a ɗan ba ni wuri." Na zura waya, sai ga busasshen laka na zubowa, da ɗan tsutsotsi a ciki. Zanzaro ne ya gina gida ya toshe ramin gaba ɗaya. Muka kwance salansar muka kakkaɓe, muka sauya fetur, kik uku ya tashi.

Na ƙarshe, danna kik da hannu a hankali. So kake ka ji ya sauka, ya cije kaɗan, ya wuce.

Akwai gwaji ɗaya da zai nuna mini inda matsalar take?

Akwai. Kwance fulogi, zuba sabon fetur kamar rabin ƙaramin cokali a ramin, mayar da fulogi, kunna makulli, buga kik. In ya tashi na daƙiƙa biyu ko uku ya mutu, to wuta lafiya, matsi ma lafiya, mai ne ba ya isowa. Ka rage wa kanka rabin aiki. In ko tari bai yi ba, koma wajen wuta. A waje za a yi wannan, nesa da murhu da mai shan taba.

Akwai mai a tanki. Shin fetur ma yana lalacewa?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ne mutane suka fi yi mini gardama a kai. Fetur gauraye ne na sinadarai masu sauƙi da masu nauyi. Masu sauƙin su ke saurin kama wuta idan inji na da sanyi, kuma su ke fara bin iska. A zafinmu na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ƙarƙashin rufin kwano, ba sa daɗewa. Abin da ya rage sai ya yi duhu, ya yi nauyi, a hankali ya koma danƙo.

Wanda ke tanki yana ɗan jurewa saboda yawansa. Wanda ke cikin ƙoƙon kafireto, ɗan mazubin mai da ke ƙasansa, kuwa bai wuce 'yan cokula ba, ga shi da ramin shan iska, shi ya sa yake fara bushewa ya bar danƙo a cikin ƙananan ramuka. Saboda haka ne za ka ga mutum ya sayi sabuwar lita ya zuba a kan tsohon, ya buga kik har gumi ya jiƙa masa riga, babur ko gezau. Sabon man bai samu hanyar wucewa ba. Duk manomin rani da ya taɓa ajiye injin ban-ruwa tsawon damina ya san wannan ciwon, iri ɗaya ne.

Tsiyayi kaɗan a farar kwalba ka ɗaga. In ya yi kalar shayi, yana warin tsohon fenti, ya tashi daga aiki. A zuke shi duka ta tiyo. Kada ka ja da baki, fetur in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana da haɗari sosai.

Na ga wani abu ya kwanta a gindin kwalbar. Mene ne?

Ruwa ne. Ya fi fetur nauyi, don haka ƙasa yake zama. Tankin da aka bari rabi yana shaƙar iska mai laima a damina, ta zama raɓa a jikin ƙarfe ta gangara. Wani lokaci kuma daga jarkar 'yan bumburutu yake zuwa, in jarkar ta kwana a waje. Kuma rizab (inda ake juya famfo don shan ragowar mai) daga can gindin tanki yake ja, wato mai tsohon babur da ya juya famfo zuwa rizab, ruwa da tsatsa yake tura wa kafireto.

Haska tocila cikin tankin. In tsatsar ja-ja ce kaɗan, ɗauraya da fetur ta isa. In tana ɓarewa kamar ɓawo, cire tankin, zuba kananzir da notuna cikin tafin hannu, girgiza sosai, juye, ɗauraye, shanya a rana, sannan ka sa 'yar matatar mai a tsakiyar tiyo. Ƙirga notunan kafin ka zuba da bayan ka juye.

Ka kuma gwada gudun mai: zare tiyo daga kafireto, buɗe famfo. Zuba ya kamata ya yi, ba ɗiga ba. In yana ɗiga, buɗe murfin tanki. Da ya ƙaru, to ƙurar hunturu ce ta toshe ramin iskar murfin.

Zan iya wanke kafireto da kaina?

In kana da haƙuri da sukurdireban da bakinsa bai cinye ba, za ka iya. Fara da mai sauƙi: akwai sukuru a gindin ƙoƙon, sassauta shi tsohon mai ya zube, bar sabo ya wanke hanya. In babu abin da ya fito, ƙwanƙwasa ƙoƙon a hankali da ƙotar sukurdireba, sau da yawa allurar fulot, mai buɗewa da rufe shigar mai cikin ƙoƙon, ita ce ta manne. Wani babur daga nan yake tashi.

In bai tashi ba, sai kwancewa. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa kowane tiyo. Shimfiɗa farin tsumma a kan faranti, kada ka yi aikin nan a kan rairayi, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta mayar da kai farko. Da ka buɗe ƙoƙon za ka ga ƙasansa ya yi ruwan ƙasa ko kore-kore, yana manne wa yatsa kamar ƙaro. Jet biyu ne a ciki, wato ƙananan sukurori na tagulla masu siririn ramin da mai ke bi. Babban yana tsakiya, shi ke aiki idan an murɗa totur. Ƙaramin siriri ne, a ɓoye cikin rami a gefe, kuma shi ke ba da mai lokacin tayarwa da silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a murɗa totur ba. Shi ne mai laifin kusan kullum, shi ne kuma wanda masu gaggawa ke tsallakewa.

Kwance shi ka ɗaga wajen rana. In ba ka ga ɗigon haske zagaye tas ba, a toshe yake. Jiƙa shi a fetur ko feshin wanke kafireto, ka zura silin jan ƙarfe guda ɗaya daga tsohuwar waya, ka hura da famfon taya. Kada ka sa allurar ɗinki. Ta fi tagulla tauri, za ta faɗaɗa ramin, daga ranar babur ya fara shan mai da baƙanta fulogi. Sukurun daidaita iska kuma, kafin ka cire shi, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya tsaya, don ka mayar da shi inda ka same shi.

Wajen mayarwa, lanƙwasa robar da ke tsakanin kafireto da inji ka duba. In ta tsattsage, iska za ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya, kuma duk wankin da ka yi ba zai nuna ba.

Yana tashi da cok (abin da ake ja don tayar da inji mai sanyi), da na mayar da cok sai ya mutu.

Ƙaramin jet bai fita ba, ko robar nan ta fashe. Koma ka sake wankewa, har da ramin da jet ɗin ke zama a ciki.

Yaya zan gane ko akwai wuta?

Kwance fulogi ka fara karanta shi. In ya jiƙe da fetur, mai na zuwa, wuta ce babu ko kuma man ya yi yawa. In ka buga kik goma ya fito a bushe, mai ne ba ya zuwa. Mayar da shi cikin hularsa, jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin, kunna makulli, buga kik. A inuwa za ka gani sosai. Shuɗiyar wuta mai ƙarar "tas" ita ake so. Ja-ja mai rauni takan haska a waje ta kasa a cikin silinda.

In babu, bi wannan tsari. Makunnin kashe inji da ke kan hannu, in baburinka na da shi, domin yara na wasa da shi. Sai sabon fulogi, wanda tazarar bakinsa a yawancin waɗannan babura ke tsakanin milimita 0.6 da 0.7. Sai hular fulogi: kwance ta, yanke ɗan bakin wayar da ya yi tsatsa, sake murɗawa. Sai mahaɗan wayoyi, ka zare kowanne, ka kankare koren da ya taru, ka ƙara ɗaure wayar da ke manne da firam. Bayan duk wannan ne ake zargin koyil da CDI da maginito, wato kayan da ke samar wa fulogi wuta. Kada ka sayi CDI a kan zato. Ari na wani babur irin naka da ke aiki, minti biyu za su raba gardama. Tsofaffi masu foyin kuwa, wato ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa da ke aiki a madadin CDI, goge bakin foyin da sanfefa mai laushi yakan dawo da wuta.

In fulogi ya jiƙe sharkaf, kashe makulli, rufe famfo, buɗe totur duka, buga kik biyar fulogi na waje, ka busar da shi ka mayar.

Batir ya mutu. Shi ne dalili?

Ya danganta da baburin. Da yawa daga masu kik suna samun wutar fulogi kai tsaye daga maginito, suna tashi ko babu batir. Wasu kuma CDI ɗinsu daga batir yake ci, waɗannan in batir ko fis ya mutu, ba wuta. Cikakken batir mai bolt 12 yakan nuna wajen 12.6 a mita. In ya faɗi ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa, in kuma ya yi watanni a haka, farantan cikinsa sun yi gishiri, ko an caja ba ya riƙewa. Mai ruwa a ƙara masa ruwan batir zuwa alama, ba asid ba, a kuma caja shi a hankali, kamar rabin amfiya na tsawon sa'o'i goma ga ƙaramin batir. Cajin gaggawa na dafa shi. In za a ja wuta daga batirin mota, motar ta kasance a kashe.

Kik ya cije, ko motsi ba ya yi.

Kada ka hau shi da ƙarfi, za ka karya ringi (zoben da ke jikin fistin) ko haƙorin kik. Lokacin da inji ya tsaya, sau da yawa bawul ɗaya a buɗe yake, laima ta shiga ta nan ta sa tsatsa ta haɗa ringi da bangon silinda. Cire fulogi, zuba cokali biyu na baƙin mai gauraye da kananzir, rufe ramin da tsumma, bar shi kwana ɗaya ko biyu. Sai ka sa giya mafi girma, ka riƙa tura babur gaba da baya a hankali. In ya saki, buga kik fulogi na waje har man ya fita, ka sauya baƙin mai. Zai yi hayaƙi na ɗan lokaci, ba komai. In kwana uku bai saki ba, nan ne buɗe inji ya zama dole.

Kik kuma ya yi sako-sako, ba nauyi.

Toshe ramin fulogi da babban yatsa, wani ya buga kik, makulli a kashe. Inji mai lafiya zai ture yatsanka da ƙarfi. In bai ture ba, zuba ƙaramin cokalin baƙin mai ka sake. Ƙaruwar matsi na nuna ringi ne ya manne, kuma sau da yawa yakan saki idan inji ya yi zafi. In babu canji, bawul ne ba ya rufewa, sai a buɗe murfin sama a duba, wanda ƙaramin aiki ne.

Ruwan ambaliya ya shiga inda na ajiye shi.

Mun ga irin wannan da yawa bayan ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a fadamun Argungu da Birnin Kebbi. Kada ka buga kik fulogi na ciki. Ruwa ba ya matsuwa, in fistin ya same shi sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Cire fulogi, matatar iska da salansa, buga kik ruwan ya feso. Baƙin man za ka same shi kamar shayi mai madara. Sauya, tayar na minti biyar, sake sauyawa, har sai ya fito da kalarsa. A buɗe murfin maginito da gangunan birki a shanya. Kuma a yi shi da wuri, kowane mako da ruwa ya ƙara a ciki tsatsa na cin boris.

In tura shi fa?

A giya ta biyu, in kik ne ya lalace ko batir ya yi rauni, yana taimakawa. Ba ya buɗe toshesshen jet. Ja da igiya a bayan wani babur kuwa kada ka yi, da injin ya kama ko taya ta cije, ƙasa za ka sha.

Ya tashi, amma da na sa giya sai ya zabura ya mutu.

Farantan kuloci ne suka manne da juna. Bar inji ya yi zafi, kashe shi, sa giya, riƙe kuloci, ka jijjiga babur gaba da baya har ka ji taya ta saki. Kada ka gwada wannan kana fuskantar bango ko inda yara ke wasa.

Ya tashi sumul. In hau titi?

Ka fara fitar da shi daga ɗaki, hayaƙin inji a rufaffen wuri yana kisa ba tare da mutum ya ji wari ba. Sannan taya: duba tsagewa a gefe, ka karanta lambobi huɗun da ke jikinta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta tsufa tana tauri ko da haƙoranta ba su cinye ba. Matsa birkin gaba da na baya ka tabbatar suna kamawa kuma suna saki. Ɗiga mai a wayar totur da ta kuloci, totur ya riƙa komawa da kansa. Wanke sarƙa da kananzir ka shafa mata mai. Zagaya unguwa na kwana ɗaya ko biyu kafin ka ɗora buhu ko fasinja ka kama hanyar Birnin Kebbi ko Yawuri. Wannan ya fi shafar 'yan kabu-kabu, don rai biyu ko uku suke ɗauka.

Bakanike ya ce sai an buɗe inji, ko a sayi sabon kafireto. In yarda?

Tambaye shi cikin mutunci abin da ya gwada. Ya nuna maka wuta a fulogi? Ya buɗe ƙoƙon kafireto a gabanka? Ya gwada matsi? Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ganin tsohon kafireto na asali, wanda wanki kawai yake so, an jefar an sa mai arha da ba ya zama a silo. In ma an sauya maka wani abu, karɓi tsohon ka tafi da shi gida.

Zan sake tafiya ci-rani. Yaya zan ajiye shi?

Rufe famfon mai inji na aiki, bar shi ya mutu da kansa, sannan ka sassauta sukurun ƙoƙo ragowar ta zube. Wannan kaɗai ya kawar da mafi yawan abin da muka lissafa. In tafiyar wata ɗaya ko biyu ce, cika tanki don iska ta rasa wurin zama. In ta fi haka, zuke man duka, ka zuba ɗan baƙin mai ka jujjuya ya shafe cikin tankin. Sauya baƙin man inji. Ɗiga ƙaramin cokalin mai a ramin fulogi, mayar da fulogi, danna kik da hannu har inda ya cije ka bar shi nan, a wurin ne bawul biyu suke rufe. Cire batir ka bar wa wanda zai riƙa kai shi caji duk wata. Ɗora babur a ƙafar tsakiya, kan katako ko siminti, ka lulluɓe da tsohon zane maimakon leda mai tara gumi, kuma nesa da buhunan hatsi.

Kada ka ce wa ƙanenka ya riƙa tayar da shi na minti biyu duk Juma'a. Injin ba ya yin zafin da zai kori laima, sai ma ya tara ruwa a salansa ya baƙanta fulogi. Ko ya hau shi na minti ashirin, ko ya ƙyale shi. Ɗaure bakin salansa da leda da roba saboda zanzaro, ka cusa tsumma a mashigar iska, sannan ka rubuta a takarda ka ɗaura a hannun totur: an toshe salansa da mashigar iska, babu mai a tanki, batir na wajen wane.